Motar Babanku da Galan ɗin Baƙin Mai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana abin alfaharina. Bayan sallama irin ta addini, ina yi maka fatan alheri kai da iyalinka, Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafata ta yi sauƙi, ina iya tsayuwa a salla yanzu. Ƙanwarka ta leƙo mu da jaririnta, suka yi yini ɗaya suka koma, gidan ya sake yin shiru kamar ba a taɓa dariya a cikinsa ba. Babanku yana cin abinci, yana barci, jiki kam ba laifi. Mantuwar ce dai sai addu'a. Yanzu in na shiga ɗakinsa gaishe ni yake yi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba na iya ja da kai, kuma babanku yana zaune kusa da ni. Maganar motarsa ce, jif ɗin nan mai shan dizal da ka ce a sayar, har ka turo mai saye ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa tayoyi. Na san tsoro ne ya sa ka. Ni ma na tsorata ranar. Abin da ban sani ba a lokacin, kullum da safe in ina wanke-wanke sai ya buɗe gaban motar ya ƙara mata baƙin mai, gobe ya manta ya sake ƙarawa. Ranar nan da ya tayar da ita sai ta kama ruri, hayaƙi ya cika tsakar gida, ya zare makulli amma ta ƙi mutuwa. Ina tsaye da kumfar sabulu a hannu, ban da salati ba abin da nake yi. Allah Ya kawo maƙwabcinmu mai shagon walda, ya faɗa ciki ya sa babbar giya ya taka birki, sannan ta yi shiru.

Makaniken babanku, Dogo, ya zo ya juye abin da ya yi yawa. Ya ce mun auna arziki. Wai in mai ya wuce ƙa'ida sai ƙarfen cikin inji ya riƙa kaɗa shi har ya yi kumfa, ya matsa wa robobin da ke tare shi su fara yoyo, in abin ya yi muni injin dizal ya ja man ya riƙa ƙona shi, shi ya sa zare makulli bai kashe ta ba. Ya nuna mini siririn ƙarfen da ake awo da shi, mai zane biyu a ƙasansa. Mai ya tsaya tsakaninsu, kada ya haura na sama ko kaɗan. A auna a wuri mai daidai, bayan inji ya huce, a goge ƙarfen a mayar, sai a sake zarowa. Abin mamaki, duk wannan babanku ya fi Dogo iya faɗa. Idonsa ne ba ya ganin zanen, kuma hannunsa ya saba da galan.

Makulli yana wurina yanzu, wannan kam ka kwantar da hankalinka. Man ne ban iya hana shi ba. Na ɓoye galan sau ɗaya, ya wuni a bakin ƙofa bai ci komai ba, yana cewa an kore shi daga aiki. Sai Dogo ya kawo mini ɗan famfon hannu da siririn tiyo. In babanku ya kwanta bayan azahar, sai in zuƙe abin da ya zuba in mayar a galan, in auna har ya sauka ƙasa da zanen sama. Gobe ya sake zuba man jiya. Abin ya dame ni, na ji kamar ha'inci nake yi wa mijina, har na tambayi malamarmu. Ta yi dariya ta ce tun da take ba a taɓa kawo mata fatawar baƙin mai ba, ta ce in dai ban yi masa ƙarya da baki ba, in ci gaba. Ban yi ba kuwa. Bai taɓa tambaya ba.

Ga abin da nake so ka fahimta. A gaban motar nan ne kawai yake hira. Ya ɗauke ni yaron motarsa, ni da furfurata, ya ce in miƙo tsumma, ya yi mini faɗa in na riƙe ƙarfen a karkace. Ina amsawa da to, maigida. Rannan yana goge hannu ya ce in kula kada mai ya taɓa masa riga, matarsa ce take wanki, kuma mace ce mai haƙuri, ba ya son ya ƙara mata wahala. Ya ce in mun dawo daga wannan tafiya zai kai ni in gaishe ta. Shekarun da muka yi tare bai taɓa faɗa mini haka ba. Na juya na yi kamar ina neman murfin galan.

Saboda haka, don Allah ka kira mutumin nan ka ba shi haƙuri. Motar ba za ta taka titi ba, na yi maka alkawari. In aka fitar da ita daga gidan nan, ban san inda zan ƙara jin muryar babanku ba.

Ka gaishe mini da surukata, da takwarata sarkin surutu, da Ƙaramin Alhaji, ka ce masa kakarsa tana nan tana jiran angonta. Ka gaida kawunka in kun haɗu. Babanku ma na san da ya gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum.