Kwaɗon da na saka a bokitin Gwaggo

Zuwa ga Yayata Hauwa, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ƙanwa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mutanen gida nan unguwarmu ta Soron Ɗinki duk suna gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san bokon nawa a waya na tsince shi. Da a ce da tawada ne da alƙalamin kara, da kin ga aiki.

Na san da kin ga wannan doguwar gaisuwa za ki ce Bilki ta shirya wata tsiyar. To yau babu. Da gangan na sa wasiƙar a shafin matan unguwa, don akwai waɗanda nake so su karanta tare da ke. Izini kuwa kin ba ni tun ranar tafiyarki, da kika ce, "Aikin da aka yi mini ba sata ba ce, ki gaya wa duk wadda zai amfana."

Tun ina ƙarama na san ki da ciwon baya. Igiyar rigar nono ta yi miki rami a kafaɗu biyu, har nakan sa yatsa in ce ga kwatar gidanmu. Lokacin zafi ƙasan ƙirjinki ya saɓule, ki yi ta barbaɗa hoda. In kin yi sujada sai kin dafa bango kafin ki miƙe. Ni na raɗa miki suna Mai Kaya, layi duka ya ɗauka. Ba ki taɓa dukana ba, iyakarki ki ce Allah ya shirye ni.

Da kika yaye Amira kika ce za ki je a yi miki aikin rage nono, gida ya rikice. Wasu suka ce canza halittar Allah ne. Ba ki ja da kowa ba. Kika zura hijabi kika tafi gidan Malam na makarantar allonmu, kika aika matarsa da tambaya, ya ce neman magani ga abin da ke cutar da mutum ba laifi ba ne. Kika dawo kika tuƙa tuwo kamar ba a yi komai ba.

Bayan aikin aka kawo ki gida jinya, ɗakin Inna, aka ɗora ni a kanki. Ranar da nas ta fara buɗe bandeji na ga ɗinkin: ya kewaya, ya sauko tsaye, sannan ya kwanta a ƙasa. Ni da nake kurin ba na tsoron komai, sai da na nemi wuri na zauna. Ke kuwa kika leƙa, kika ce wa nas ɗin ko telolin Ƙofar Wambai ba su kai likitan nan hannu ba.

Aka kafa miki dokoki. Kwanciya rigingine. Ban da ɗaga hannu sama da kafaɗa, ban da ɗaukar ko buta cike, wurin kuma ya zauna a bushe, ruwan zafi kada ma ya kusance shi. Salla a zaune. Na yi miki rubutu a allona na wanke, Inna ta ce a shafa a kan ciwon, kika ce ai daga ciki zai fi aiki, kika shanye tas.

Sai Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda duk macen da ta haihu a layinmu ita ke mata wankan jego. A wurin Gwaggo, ciwon da ba a gasa ba bai warke ba. Kullum da hantsi sai ta shigo da bokitinta mai murfi, ruwa na tururi, ganyen darbejiya a ciki. Ta yaya za ki ce mata a'a, ita da ta yi miki wankan 'ya'yanki uku? Sai ki ce, "Gwaggo, a fara da ƙafafun nan, su ke damuna." Ta yi ta gasa ƙafa, kina ja mata hira, har ruwan ya huce. Kwana goma kina haka. Ba ta taɓa ƙirjinki ba, ba ki kuma ɓata mata rai ba. Ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan, ban taɓa tunanin ana iya wayo ba tare da wani ya yi kuka ba.

Sai na ce bari in taimake ki irin tawa.

Damina ce. Na kamo wani ƙaton kwaɗo a bayan randa. Gwaggo ta ajiye bokitin a gaban gadonki ta koma ɗauko tsumma, Inna ta tsare ta da magana a tsakar gida, ke kuma kina banɗaki. Na kwashi ruwan na juye a kwata, har da bisimillata saboda mutanen ɓoye, na jefa kwaɗon cikin bokitin, na rufe. A tunanina Gwaggo za ta buɗe, ta yi salati, ta rantse ba ta ƙara shigowa da bokiti ɗakin nan. Abin da ban sani ba, ke ce kike riga ta buɗe murfin kullum don ruwan ya sha iska.

Kika dawo, kika zauna a bakin gado, kika ɗaga murfi. Ya yi tsalle ya dira a cinyarki. Hannuwanki biyu suka tashi sama, kika faɗa da baya.

Ba ki yi ihu ba. Kika dafe ƙasan nonon hagu, sai ga jini ya ɓullo ta riga. Daidai inda ɗinkin tsaye ya haɗu da na kwance ya buɗe, faɗin babban yatsa. Matan gida suka shigo suka tarar da Gwaggo ta riga su shigowa, tana tsaye da tsumma a hannu, bokiti wayam, ke kina jini. Kwaɗo tuni ya shige ƙarƙashin gado. Suka ce ai ga shi nan, ta juye miki ruwan duka.

Kin gaya musu zabura kika yi, Gwaggo ba ta taɓa ki ba. Kin maimaita ya fi sau nawa. Suka ce kara kike yi mata. Ni kuwa ina jikin ƙofa, bakin nan da ba ya gajiya ya mutu murus.

A asibiti nas ta ce wannan mahaɗar takan buɗe wa wasu ko babu dalili, ba za a sake ɗinkewa ba, za a bar shi ya ciko daga ciki. Na riƙe maganar na ɓuya a bayanta. Kusan wata biyu ina wanke miki shi yadda ta koya mini, ina canza bandeji. Na ga jan nama yana tasowa, bakin yana tsukewa kaɗan-kaɗan. Da ƙaiƙayi ya taso sai ki damƙe carbi da hannu biyu don kada ki sosa. Kullum sai kin ce mini sannu da aiki, kullum kuma sai na ji kamar kin mare ni.

Ranar da ya rufe kika dube ni kika ce, "Bilki, na ga ƙafarsa lokacin da ya shige ƙarƙashin gado, na kuma san mai kama kwaɗo a gidan nan. Amma bakinki ne zai faɗa." Na yi dariyar rashin gaskiya na fice.

Sauran layin ɗinkin ya dusashe da man da likita ya rubuta da tausar da kike yi masa. Wancan wurin ne ya yi kauri, ya yi duhu, ya ɗan taso. Da muka yi waya kin ce kin sa masa suna Bilki, wai don ba ya jin magana kuma ya cika ƙaiƙayi. Na ji labarin matan da ke zuwa wurinki a asirce suna tambaya, kina shigar da su ɗaki ki nuna musu tabon, mai kyan da mummunan, don su san abin da za su tarar. Kuma na ga hotonki kina tsaye ɗoɗar, Amira a kafaɗa. Wallahi, Yaya, sai da na ƙara kallo kafin na gane ki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun daga ranar kwaɗon nan ba wadda ta ƙara kiran Gwaggo wankan jego. Makon jiya Zainabu ta gidan da ke kallon namu ta haihu, aka tsallake ƙofar Gwaggo aka je har Shahuci aka ɗauko wata. Da safe na ga Gwaggo ta fito da bokitin ta wanke shi fes, ta tsinko ganyenta, ta zauna tana jiran aike. Har la'asar. Sai ta tashi ta mayar da shi ɗaki.

To ga shi, Yaya, bakina ya faɗa, a gaban duk wadda ta karanta. Hannun Gwaggo Asabe bai taɓa ɗinkinki ba, ɗigon ruwanta bai sauka a kai ba. Ni na zubar da ruwan, ni na saka kwaɗon. Tabon nan nawa ne.

Gwaggo ba ta karanta boko, don haka da na aika wannan zan shiga ɗakinta in durƙusa in faɗa mata da baki. In kin ji ni shiru kwana biyu, muciyar Gwaggo ce ta yi aikinta, kada ki damu, na cancanta.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya miki wurin, ya saka miki da alherin rufin asirin da kika yi mini da wanda kika so yi wa Gwaggo. Allah ya mayar wa Gwaggo da mutuncinta a layin nan, ya ba ni ko rabin haƙurinki. Amin.

Matar yayanmu Sani ta shiga watanta. Na riga na ce ni zan riƙa ɗaukar wa Gwaggo bokitin, kuma duk mai shakka ta zo ta buɗe murfin ta duba.

Taki har kullum,
Bilki, auta.