Iskar Tayarka ta Baya

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar tsakar gidana, dabinon cikin shayina, Baban Xiaoyun, mijina Ding Baoshan. Assalamu alaikum.

Ka tuna shekarar da aka ɗaura mana aure, da ƙanƙara ta narke, ka goya ni a kekenka muka bi gaɓar Rawayen Kogi? Gonakin tuffa sun yi fari fat da fure, kana tafiya a hankali har wata tsohuwa mai jan akuya ta wuce mu da ƙafa. Wayyo, daɗin wannan rana! Ina wannan mutumin ya shiga?

Tun da ka yi ritaya ka shiga ƙungiyar 'yan tseren keken nan, ka sayi wando mai kama jiki wanda nake jin kunyar shanya shi a waje, ko mun fita tare kowa a kekensa, ban ƙara ganin fuskarka a hanya ba, sai ƙeyarka. Ƙeya mai kyau ce, farin watana, amma ba ita kaɗai na aura ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mako uku ke nan, kullum bayan sallar asuba, nakan sa allurar mayafina a bakin tayarka ta baya in rage iska. Ba da yawa ba, gwargwadon astagfirullah uku. Ai kuwa ka dawo kusa da ni! Na ji numfashinka, na ga zufar goshinka kamar raɓa a kan kankana, zuciyata ta yi fari.

Ban taɓa zaton za ka ɗora wa jikinka laifin ba. Ka je wurin mai magani, ya taɓa jijiyar hannunka ya ce ƙodarka ta yi sanyi. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, ni ce nake dafa maka saiwoyin nan masu ɗaci, kana shanyewa kana cewa, "Yufen, tsufa ya kama ni, kar ki gaya wa abokan tserena, su Lao Hai." Har taliya da naman rago mai maganin ya hana ka!

Na kai maganar wurin Malama Na, mai koyar da mu a masallacin mata. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ɗaure fuska ta ce, "'Yar'uwa, wannan haƙƙin bawa ne. Istigfari ba ya hura taya. Je ki nemi mai ita."

Ga ni na zo. Ƙodarka lafiya lau, zakina, ƙafafunka kuma na saurayi ne. Ka yafe mini, don girman Allah. Na hura tayar da hannuna, ta yi tauri kamar zuciyar mai maganin.

Amma furen tuffa kwana goma yake yi, bakwai sun tafi. Me ke can gaba da kake gudu ka tarar? Ranar Lahadi zan fito da tsohon kekena, da shayi a kwandon gaba. Idan na tarar da kai tsaye a bakin gadar kogin, na san ka yafe. Idan ka wuce fuu, ba zan yi fushi ba, zan biyo ka a sannu har ƙarshen raina. Gida ɗaya za mu koma, kuma makullin yana aljihuna.

Taka jiya da yau, har ranar da za a ɗauke mu a kafaɗa,
Sha Yufen