Sunan da Hafsatu Ta Kasa Faɗa

Duk mai karanta wannan wasiƙa ya karanta da natsuwa. Kada in ga wani ya yi wa surukata dariya a ƙarƙashin rubutun nan. In kana da ɗan'uwa a waje da yake son ɗaukar iyalinsa, kai ma da kai nake.

Assalamu alaikum, Babangida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kana riƙe da sallarka a kan lokaci, ina sanar da kai mun gama cirar gyaɗa, 'yarka Ummi kuma ta fara tafiya tana bin bango.

Takardar da ofishin jakadancin ƙasar da kake ya aiko wa matarka Hafsatu tana hannuna. Na karanta ta sau uku da ɗan Turancina na sakandare. Sun hana ta biza, wai ba su gamsu cewa aurenku na gaskiya ba ne.

Sai da na zaunar da ita a gindin rumbu sannan ta gaya mini yadda aka yi. Matar da ke yi mata tambayoyi ta ce ta faɗi cikakken sunan mijinta. Ta sunkuyar da kai ta ce Baban Ummi. Aka sake tambaya, ta ce Malam. Tafinta ya yi ta lallashi, ita ko ta ja mayafi ta rufe fuska. Da aka duba hoton ɗaurin aure, sai dattawa a ƙofar masallaci, kai kana can baya ba a ganinka, ita tana ɗaki cikin lalle.

Ban yi mata faɗa ba. Ni na fara yabon kunyarta tun kafin a kai gaisuwa gidansu. Ni kaina sunanka na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, don na surukina ne.

Faɗan naka ne. Kawunka Sabo ya gaya mini ka ce ya je wurin wani mai shagon kwamfuta ranar kasuwa, a haɗa hotonku waje ɗaya, a buga takardar aure da tsohon kwanan wata. Aure na halal, da waliyyi da shaidu da sadaki, ka rasa abin da za ka tokare shi da shi sai ƙarya? Ba haka na rene ka ba.

Na hau bas na tafi Kano wurin wata lauya, 'yar ƙawata ta makaranta. Ta ce in aka kama takardar bogi, za a iya rufe wa Hafsatu ƙofa shekaru, kai ma takardar zamanka ta shiga haɗari. Ta nuna mini inda aka rubuta wa'adin neman a sake duba hukuncin, ta ce kada mu bari ya wuce. Za mu je kotun shari'a da waliyyi da shaidu a ba mu takardar aure ta gaskiya. Ta kuma gano an rubuta sunanka iri uku: fasfo daban, takardar makaranta daban, ta haihuwar Ummi daban. Sai ka yi takardar rantsuwa cewa duk mutum ɗaya ne. Saƙonninku na waya ma wai shaida ne, kada ku goge.

Ta ce da ni, “Inna, kunya ba laifi ba ce a dokarsu, saninta ne ba su yi ba. Sai mun rubuta musu bayaninta.”

Tun a mota nake juya maganar nan. Can mace tana kiran miji da sunansa gatsau, har a gaban uwarsa? Limamin da ya ɗaura aurenku yana nan da ransa, yaya aka yi takarda ta fi shi nauyi? Wanda aikinsa karanta saƙonnin mata da miji ne, da wane ido yake kallonsu? In za ka amsa, ka rubuto dalla-dalla, ina son sani.

Kai fa, da ka sauka a ƙasar, aka kira sunan nan naka na yanka ka waiwaya kuwa? Ranar da ka shiga firamare malami ya kira shi sau uku, kana zaune kana kallon taga, ba ka san naka ba ne. Ka dawo gida kana kuka, wai an ba ka sunan wani. Na goya ka duk da ka wuce goyo.

Jiya muna ɓarar gyaɗa na ga leɓen Hafsatu yana motsi babu sauti. Na kau da kai. Yarinyar nan tana kewarka, Babangida. Ba ita kaɗai ba.

Allah ya tsare ka, ya haɗa ka da iyalinka ta hanyar da ba za ka ji tsoron a bincika ba. Amin.

Ga dokar da na kafa, ka sani tun daga can. Babu takardar da za ta fita daga gidan nan sai lauya ta gani. Sannan kullum da safe, kafin Hafsatu ta dama koko, za ta tsaya a tsakar gida ta faɗi sunanka cikakke sau uku da ƙarfi, yadda yake a fasfo. Ni zan zagaya wajen awaki, amma daga can ina ji.

Mahaifiyarka,
Inna