Yadda Hanyar Amalanke Ta Samu Suna

Tasawa, ranar Talata

Zuwa ga yayana Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Asiya, ya kuma sa wa kasuwarka ta Kwatano albarka. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, wake ne dai ya ba mu kunya. Ƙafar Iya ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awaki, ka san ke nan ta warke.

Abin da ya sa na rubuto, 'yarka Ramla ce ta kusa ja mana magana ana gab da ɗaura mata aure. Ka san tun da ta gama lakwal, wato makarantar boko, ta shiga ƙungiyar matasan nan masu yawo da salula, suna zana hanyoyin ƙauye cikin taswirar da kowa ke buɗewa kyauta. To, sai ta bi hanyar amalanke da ta tashi daga ƙauyenmu zuwa Hawandawaki, wadda Baba Na Allah ke shafa wa itatuwanta farar ƙasa bayan kowace damina, da shaidar nan tasa ta zane biyu da ɗigo, irin ta cinyar shanunsa. Ta zana hanyar, ta sa mata Hanyar Na Allah, ta haɗa da hoton shaidar, ba ta ce masa uffan ba.

Labari ya kai masa ta bakin wani ɗan kabu-kabu na Mayahi da ya tsaya ƙofar gidansa yana zuba godiya, wai taswirar ce ta nuna masa hanyar. Yaya, ba ka ga tashin hankali ba. Baba ya ce an ɗauki sunansa da shaidarsa an raba wa duniya kamar ƙosan sadaka, gobe ɓarawo ya buga ta a jikin saniya ya ce daga garkensa ya saya. Ya aiko mini cewa yarinyar da ta isa yin kyauta da kayansa ta isa neman wani waliyyin. Abin ya dame ni ƙwarai, don kai kana nesa, shi kaɗai ya rage cikin ƙannen mahaifinmu, ga dangin Rayyanu, angon, sun gama shiri.

Ramla ta kai maganar wurin shugabar ƙungiyarsu. Ita kuwa ta ce hanya ta kowa ce, duk wanda ya taka ta yana iya zana ta, amma suna da shaida na mai su ne, sai da izininsa. 'Yar taka, da gaggawarta irin taka, ta goge sunan da hoton, ta hau mota ta je ta nuna masa. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Tsoho ya dubi layi fayau babu suna, ya ce wato yanzu kuma korarsa aka yi daga hanyar da ya tsufa yana share wa ƙaya. Na yi dariya har da hawaye, amma a bayan ɗaki.

Iya ce ta gano ciwon. Ta ce rashin tambaya ne ya ƙona masa rai, ko turmi za ka ara ai sai ka yi sallama. Ranar Juma'a muka ƙulle goro a ganye muka tafi ni da Ramla. Ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta roƙi izini. Ya bar mu nan zaune, ya ɓare goro ya tauna a tsanake, sannan ya ce shaida kam a bar masa ita a jikin shanunsa. Suna kuwa, ya ce ba nasa za a sa ba, shi ɗan riƙon gatari ne kawai. Mahaifinmu ne ya sare sabara ya buɗe hanyar, shekarar da Iya ke da cikinka, don amalanke ya samu wurin wucewa da ita gidan likita. Ban taɓa jin wannan ba. Da na tambayi Iya, sai ta ce haka ne, ta juya fuska. Ni ma na yi kewarsa ranar kamar jiya ya rasu.

Yanzu in ka buɗe taswirar za ka ga an rubuta Hanyar Malam Yahaya, sunan mahaifinmu. Aure yana nan ƙarshen wata, Baba har ya kai babbar rigarsa wurin mai guga.

Ka gaishe da Asiya da Misbahu da Zainab. Iya da Lalla suna gaishe ku, Ramla ma, cikin jin kunya. Baba ya ce in faɗa maka da bakinsa: wanda aka sare hanya dominsa ba shi da hujjar rashin zuwa ɗaurin auren 'yarsa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Biba