Tankar Baba Soja

Alhamis, 13 Disamba 1962
Mani, jikana mai kunnen zomo, ya dawo daga lakwal, makarantar boko, da gudu: wai soji za su biyo ta Dogon Dutsi da tankar yaƙi, za su Yamai wajen biki. "Iya, yanzu za mu ga taki!" Na ce to, angona, ka wanke ido.

Tawa dai, tankar tatsuniyata, duk unguwa an san ta. Girmanta ya kai rumbu uku, doguwa ke jan ta, tana shan kogi ta tofar da wuta, kakansu Baba Soja zaune a bisa yana cin goro. Tun da ya dawo daga yaƙin Faransi bai taɓa faɗin komai ba, ni na cike masa. Wa ya fi ni?

Asabar, 15
Jikata Asiya ta ce in tankar ba haka take ba, sun bar zama tabarmata. Ja'ira. Ban ci tuwon kirki ba.

Litinin, 17
Ta zo. Kai! Abu kamar akurki, ƙafafun roba irin na kamyo, motar kaya, ko sarƙa babu. Ta kafe cikin rairayi bayan kasuwa, soji na turi, Fulani da shanunsu na kallo. Mani ya dube ni. Na ce wannan jaririya ce, uwar na Faransi. Babu wanda ya yi dariya.

Sai ga Maigida, Baba Soja da kansa, da sandarsa, ban ma san ya fito ba. Ya ɗora tafi a kan ƙarfen, ya daɗe. Ya ce da direban, "Ɗana, sace iskar ƙafafun kaɗan, a shimfiɗa zana." Ta fita. Yaron ya sara masa. Gaban kowa!

Talata, 18
Da hantsi Maigida ya tara yaran gindin itacen bedi. Na leƙo na ce, "Malam, ba a tatsuniya da rana." Ya ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce."

Wai bai taɓa hawa ba. A ƙasa suke bin ta a baya, suna shan hayaƙi. Ciki mutum ba ya miƙewa, zafi kamar tanda, ba ka ganin komai sai ta 'yar tsaga. Wata ta kama wuta, shi ya jawo wani Bature ta ƙofar sama. Tabon hannunsa ke nan. Ni kuwa na ce musu doguwa ce ta lashe shi.

Yara ko motsi. Tuwona ya kama a tukunya.

Alhamis, 20
Sun dawo tabarmata, har da Asiya. Mani ya ce a yi ta tanka. Na ce maƙogwarona na ciwo, su je wajen mai ita, ni ta kura zan yi.

Na kai wa Maigida fura da kaina gindin bedi inda suka taru, na zauna daga gefe. Don inuwa ce kawai.