Ƙwai Tara Kuka Ce Mini

Zuwa ga Babban Likita,
Shugaban asibitin taimakon haihuwa da ya hana ni shiga ƙofarsa.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Ni ce matar nan mai ɗinki daga Nasarawa, wadda ta fasa gilashin wurin karɓar baƙi. Eh, ni ce, ban zo yin musu ba. Tunda ka ba masu gadi hotona, ka kuma daina ɗaukar wayata, to bari in faɗa maka a gaban jama'a.

Na ɗaya. Shekara goma sha huɗu ina gidan miji ba haihuwa. Na zo wurinka ina da shekara arba'in da ɗaya, ma'ajiyar ƙwaina ɗaya ce ta rage, ita ma da ƙari a jikinta. Kai ka tsara komai: a ɗebi ƙwaina, a haɗa da maniyyin maigidana, a daskarar da wanda ya kama, a yi tiyata a cire ma'ajiyar, in warke, sannan a dasa mini a mahaifa. Da bakinka ka ce mace mai shekaruna kada ta yarda a sa mata wuƙa sai ta ajiye aƙalla huɗu, in ɗiba ɗaya bai isa ba a sake. Na riƙe huɗun nan kamar sunana.

Na biyu. Washegarin ɗiban, nas ɗinka ta kawo takarda da Turanci, wai in zaɓa: ɗiba na biyu ko tiyata. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na roƙe ta ta yi mini da Hausa, na tambaya nawa aka samu. Ta ce ƙwai tara. Tara! Na rungume ta. Maigidana Bitrus, mai aikin lodi a Kudenda, ya durƙusa nan a ƙasa yana gode wa Ubangiji. Ana neman huɗu ga tara, wace mahaukaciya ce za ta koma shan allura? Na sa hannu.

Ashe taran nan ƙwai ne tsura, ba a ma san wanda zai kama ba. Biyar suka kama, ɗaya tak ya kai ga daskarewa. Kun san haka kwana huɗu kafin tiyata. Lambata tana cikin fayil ɗinku, ba wanda ya kira ni. Kuka kwantar da ni, kuka yanke ma'ajiyar, kuna sane cewa daga ranar ba sauran ɗiba har abada.

Haba Likita! A tsakaninku, da Turancinku, abubuwa biyu ne masu suna biyu, ba kwa taɓa haɗa su. Da kuka juyo kaina sai duk suka zama "ƙwai", sai ka ce cinikin kiret ɗin ƙwan kaji muke yi a kasuwar Makera. Hausa ba ta rasa kalmar ba. Ɗan tayi ake ce wa wanda ya kama, kakata a ƙauye ma ta san shi.

Na uku. Mako uku bayan tiyata na dawo a duba ɗinki, da fara'ata na tambaya ko za a dasa biyu a bar bakwai. Nas ta sunkuyar da kai. Kai kuwa ka juyo takardar ka nuna mini sa hannuna. Na fito, na ɗauki kujerar ƙarfe na maka wa gilashin, kuma Allah ya sani da kai ne tsaye a wurin, da kai zan maka wa. Masu gadinka uku suka ja ni a ƙasa har ɗinkin ya tsage, jini ya jiƙe mini zani. Bitrus bai taɓa kowa ba, ɗaga ni kawai ya zo yi, suka rufe shi da kulki, suka zubar masa da haƙora biyu. Har yau da gefe ɗaya yake cin tuwo. Gilashinka dai an sa sabo, na gani daga bakin titi.

Ga abin da nake nema. Ka kira Bitrus ka ba shi haƙuri. Kada ka kori nas ɗin, abin da aka koya mata ta faɗa. Duk matar da za ta sa hannu a takardar nan, a gaya mata ƙwai nawa, ɗan tayi nawa, daban-daban, da harshen da take ji.

Sai babban. Ɗan tayina yana hannunka, ni kuma ina waje. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta a unguwarmu sai gabana ya faɗi, ko da yake an ce ba da wuta ake ajiye shi ba. Ka buɗe mini ƙofa a dasa shi, ko ka miƙa shi ga wani asibiti ina tsaye ina gani. In ka ja wannan magana, zan dawo, kuma masu gadi uku ba za su isa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka 'ya'yanka, kada ya haɗa 'yarka da likitan da zai faɗa mata rabin magana. Nawa guda ɗaya ne, Likita. Wannan karon na san ƙidayar.

Wassalam.

Ladi Bitrus, Nasarawa,
wadda har yau ba a kira ta Maman kowa ba.