Rigar da Ka Rataye a Bayan Ƙofa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina tafe da albishir. Unguwarmu Ƙuba ta ɗauki kofin ƙwallo na unguwanni, kuma Jurf muka doke. Jurf ɗin nan dai abokiyar hamayyarka.

Na san ba ka manta Adamu ba, ɗalibin jami'ar nan ɗan Chadi mai ƙafar hagu. Wata Juma'a ya sa hannunsa a naka a ƙofar masallacin Ƙuba, ya ce da ya gama jarrabawa ƙungiyarmu zai buga wa. Ka rufe kantin magani, ka tafi unguwar Anbariyya da kanka aka buga masa koriyar riga mai lamba tara. Ni da na shekara uku ina buga maka tara, ka mayar da ni benci, wai in koyi haƙuri.

Saura kwana biyu a fara gasa muka gan shi cikin jar rigar Jurf. Wai filinsu da ciyawa, namu kuwa tsakuwa ce a bayan gonar dabino.

Ba ka zage shi ba. Sunansa dai ya fita daga bakinka, ya koma "wancan". In ya yi sallama ka amsa don wajibi ce, ka kau da kai. Rigar kuma ka rataye ta a bayan ƙofar falo, ka ce, "Ba mai sa ta sai ranar da za mu rama." Umma ta sha yi maka tsiya, babba da kai kana gaba da sa'an ɗan cikinka saboda ƙwallo. Ni kuwa haushinku nake ji ku biyu: shi da ya tafi, da kai da kake kallon riga ba ka ganina.

Shekara biyar Jurf tana cin mu. Ba ka fasa kawo mana dabino da gahawa bakin fili ba, har ciwo ya kwantar da kai.

Jiya kafin la'asar Umma da kanta ta sauko da rigar, ta kakkaɓe, ta ce yalla, maza in sa. Ta yi mini yawa a kafaɗa, na sa a haka. Adamu ne ya fara ci, muka farke. Ana dab da tashi ƙwallo ta taso daga kwana, na sa mata kai. Baba, ni na ci. Dattawan da kuke zama tare suka afko fili da jallabiyoyinsu, Dakta Sani har ya yar da takalmi ɗaya. Na yi ta waiwayen inda kake ajiye kujerarka.

Da aka watse Adamu ya zo ya kama gefen rigar, ya gane ta. Ya roƙe ni in kai shi maƙabartar Baƙi'a. Yau da safe muka je. Ka san can ba a rubuta suna, sashen da muka sa ka kawai na nuna masa. Ya daɗe a tsaye, kansa a ƙasa. Na ce masa kai ka yafe masa. Ban shawarce ka ba, amma ai mun rama.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa mu a Aljanna. Na yi kewarka ƙwarai jiya. Rigar ba za ta koma bayan ƙofa ba.

Ɗanka mai lamba tara,
Bashir